Askin Watan Farko

Ranar Talatar da ta wuce na kwashe wa tsohon shugaban makarantarmu rabin gira. Ina ba shi labari, hannu na aiki, baki na aiki, sai reza ta bi bakin. Ya dubi madubi ya ce, "Pang, ɗayar fa? Ko sai na dawo gobe?" Shekara ashirin da shida ina aski a garin nan, amma reza ba ta taɓa yin ɓarnar da harshena ya yi wa Qiao Fenglan ba.

Fenglan mai awara ce a bakin kasuwa. Marainiya ta tashi, a hannun kawunta Deng Shoutian, ƙanin mahaifiyarta. Shi ya koya mata niƙan wake, shi kuma yake kama mata gashi tana ƙarama, jela ɗaya a karkace, har ta girma jelar ta kai mata ƙugu.

Da ta haura arba'in sai gashin ya fara bin mataji. Fatarta ta bushe tana saɓa, gira ta sirance, ga jin sanyi ko a gaban murhu. Likita ya ce wani ƙulli ne a wuyanta ya yi sanyin aiki, kuma ciwon gado ne ta wajen uwa. Ya ba ta ƙwayoyi da man shafawa, ya ce ta aske ɗan abin da ya rage don man ya taɓa fata, domin ta sosa kan har ya yi gyambo.

Sai dai a watan farko na shekara aka faɗa mata haka, watan da ba a ɗora reza a ka, don an ce wanda ya yi aski a cikinsa kawunsa zai mutu. Ta daure kwana takwas. A na tara, da tsakar rana, ta ƙwanƙwasa ƙofata ta baya.

"Yaya Pang, aske. Amma daga ni sai kai."

"Ƙanwata, ko matata ba za ta ji ba. Ita dama ba ta saurarona."

Ba ta yi dariya ba. Da na gama, ta tattara gashin a takarda, ta ja hular ulu har kunne, ta fita.

Bayan kwana huɗu Kawu Shoutian ya rasu, yana da shekara tamanin da huɗu, da ciwon zuciyar da ya daɗe yana jinya. A rumfar makoki, muna zaune ana shan shayi, wani ya tsokane ni wai wanzami a watan farko da kaza a ruwa duk ɗaya ne. Na ce, "Wa ya gaya maka? Ko kwanan nan na yi aiki, kuma kan mace." Na ga Baoku, babban ɗan mamacin, ya ajiye kofinsa.

Washegari Fenglan ta iso da fararen kayan makoki. Baoku ya tare ƙofa.

"Ƙanwa, cire hular."

"Yaya, sanyi nake ji."

"Cire mu gani."

Ta cire. Ta ce likita ne ya sa ta, ta ce ciwon ma daga gidan nan ta gaje shi. Matan da ta yi shekaru tana ƙara wa awara kyauta suka sunkuyar da kai. Ba a bar ta ta durƙusa gaban akwatin gawar ba. Ta bi jana'izar daga nesa, ta ƙona wa kawunta takardun hadaya, irin da ake ƙona wa mamata, ita kaɗai a mararraba.

Har yau tana sana'arta. Gashin ya fara tsirowa, fari-fari kamar na ɗan tsako. Gidan Deng kuwa daga ƙauyen gaba suke sayo awara.

Na yi wata biyu ina zagaye rumfarta kafin na tsaya. Na ce, "Ƙanwata, kin san bakina, ba shi da birki. Suɓuta ya yi."

Ta ci gaba da yanka awara, ba ta ɗago ba.

"Kawu zuciyarsa ce ta tsaya, ba da sonsa ba. Gashina ciwo ne ya ci, ba da sona ba. A cikinmu kai kaɗai ne lafiyarka ƙalau, Yaya Pang. Matsa, kana tare mini masu saye."