Ranar da Baba Ya Kira Sunan Audu

A gidanmu, a wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Funtua, ba a zaman tatsuniya sai an gama girbi. Idan dawa ta shiga rumbu, an kai auduga kasuwa, sai kakarmu, wadda muke kira Iya, ta sa a hura mata wutar kara a ƙofar ɗakinta bayan an ci tuwo, mu jikoki mu kewaye ta. Lokacin kokawa ke nan kuma, ƙauye ya gayyaci ƙauye. Abin da zan faɗa ya faru 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai, ina da shekara tara.

Yayana Audu yana da shekara goma sha shida, kuma cikin sa'o'insa ba wanda ya taɓa kai bayansa ƙasa. Babanmu tsohon ɗan kokawa ne. Shi ya koya masa kamu, shi ya ɗaura masa tsohon kambunsa a damtse. Amma Audu ɗan fari ne, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunansa ba. "Kai" yake ce masa, ko "yaron nan". Haka al'ada take, ba wanda yake ganin aibinta. Baba shi ma ɗan farin Iya ne, ba ta ambaton sunansa, ba ta tsayawa ta yi doguwar magana da shi.

Saura kwana biyar samarin garin Ƙarfi su zo kokawa, kafaɗar Audu ta goce a wajen gwaji. Maɗori ya mayar da ita, ya ce kada ya kama kowa sai bayan wata guda. Baba ya ce ya riga ya gaya wa makaɗa yaron zai fito, don haka zai fito. Mahaifiyarmu ta yi kukanta a madafa. Ita ma kunyar ɗan fari ta rufe mata baki.

Ana gobe kokawa muka taru a bakin wuta. Baba yana bayan zana yana tufkar igiya, muna jin motsinsa. Iya ta dubi Audu ta fara tsokanarsa kamar kullum.

"Maigidana, matso ka ji ɗumi. Miji mai hannu ɗaya, wa zai nome mini gona?"

"Ke da ba ki da haƙori, Iya, me za ki yi da dawar?"

Muka yi dariya. Sai ta gyara zama ta fara, da murya mai ƙarfi fiye da yadda 'yan jikoki shida suke bukata.

Ta ce an yi wani mutum mai ɗa ɗaya ɗan kokawa. Duk sa'ad da yaron ya kayar da wani, kafin ya dubi makaɗa sai ya dubi fuskar ubansa. Ran nan aka kayar da shi. Ya tashi yana karkaɗe ƙasa, ya duba inda uban yake tsaye, ya ga ƙeyarsa, uban ya kama hanyar gida. Jama'a suka watse. Yaron ya zauna a bakin fage, ya ce ba zai koma ba sai ubansa ya kira shi. Uban kuma ya ce yunwa za ta koro shi. Kwana ɗaya, kwana biyu. A na uku uban ya je, bai tarar da kowa ba sai sawun ƙafa da ya shiga cikin karan dawa. Ya ajiye kunya, ya shiga gonaki yana ƙwala sunan ɗansa.

Ƙanwata Tani ta ce, "Iya, bai ji ba ne?"

"Ya ji, 'yar nan. Yana kusa, yana ji sarai. Amma bai taɓa jin sunansa a wannan bakin ba. Sai ya zaci wani ake nema."

Ta ce har yau, idan an gama girbi, mai wucewa ta tsohon fagen yakan ji mutum yana bugun damatsansa, shi kaɗai, ga wata murya can nesa tana kira. Ba ta rufe tatsuniyar yadda ta saba ba. Muka saurara, motsin igiya ya tsaya a bayan zana.

Washegari da la'asar fage ya cika. Ganga ta ɗauki kirarin Audu, ya fito yana riƙe da hannun hagu kusa da ƙirji. Abokin karonsa ƙato ne, kuma idonsa a kan kafaɗar yake. Sun sunkuya za su kama juna ke nan, sai Baba ya keto cikin dattawa.

"Audu! Fito!"

Makaɗin ya dakatar da kiɗa. Mutane suka juyo suna duban uban da ya kira ɗan farinsa a bainar jama'a. Audu kaɗai ne bai juyo ba. Yana nan a sunkuye, yana jiran kamu. Sai da Baba ya sake kira, sannan ya ɗago yana dube-dube, yana neman mai kiran a inda ba shi ba.

Audu bai yi kokawar ba. Samarin Ƙarfi sun yi mana waƙar zambo har ƙarshen rani. Kafaɗar ta warke. Baba bai sake kiran sunan ba sai da ya tsufa ƙwarai.

Bayan rasuwar Iya ne Baba ya gaya mini cewa tana da wa, ɗan farin gidansu. An kayar da shi a fage tana yarinya, ubansu ya juya masa baya. Wani ya ce ya gan shi a tashar jirgin ƙasa ta Funtua. Ba a sake jin labarinsa ba.

Na ga iyaye da yawa tun daga lokacin a bakin filin wasa, wasu suna ihu, wasu sun haɗe rai. Ba su nake kallo ba. Yaron nake kallo, inda yake fara kai idonsa idan ya faɗi. Kuma har yau, idan na tuna ranar nan, ba ƙaton Ƙarfi ne yake ba ni tsoro ba. Ɗan lokacin nan ne tsakanin kira na farko da na biyu, Audu yana sunkuye, bai san da shi ake ba.