Kaset Ɗin Tauri da Hannun Kawu

Jiya wani kiɗa ya tashi daga wayar ɗana, sai na ajiye lomar da ke hannuna. Gangar tsohon makaɗin garinmu ce, can gefen Shinkafi, wanda ya tsufa yana yawo da 'yan amshinsa.

Kaset uku aka yi masa. Dattawa na noma suke so, mata na biki. Mu samari kuwa, in ba na tauri ba, riƙe kayanka. A ciki akwai taken kawuna, wato kiɗan da aka keɓe masa, wanda in ya ji sai tsuma ta kama shi ya zaro wuƙa. An ce a zamaninsa ƙarfe lanƙwashewa yake yi a jikinsa. Ban taɓa gani ba, don tun da ya dawo daga Makka ya bar shan maganin tauri, ya riƙe garma da carbi. Abokaina suka ce ƙarya ce. Ni kuwa, ɗan shekara goma sha biyar mai kunnen ƙashi, na ce zan nuna musu.

Da kaka ne, da hantsi. Kawu yana zaune gindin rumbu yana yanka igiyar ɗaurin dami. Na tara abokaina, na ajiye rakoda a bayansa, na danna kaset ɗin taurin.

Kafaɗunsa suka soma rawa.

"Kashe abin ga, ɗana," in ji shi. "Don Allah kashe shi!"

Na yi dariya, na ƙara murya.

Ya miƙe da kururuwa, ya ɗora wuƙar a damtsen hagu, ya ja. Naman ya buɗe, jini ya feshe jikin rumbu. Gangar ba ta tsaya ba, shi ma bai tsaya ba, ya sake ja. Abokaina suka watse. Yatsuna suka kasa gano maɓallin, sai da innata ta fito da taɓarya ta ragargaza rakodar.

A asibitin Kaura aka ɗinke shi, amma hannun ya shanye, bai ƙara riƙe garma ba. Da tsohon makaɗin ya zo dubiya, ya daɗe yana kallona.

"Ni in ina kiɗi, idona na bisa mutum," ya ce. "In nig ga jikinai bai ɗauka ba, sai in sauya hannu. Wanga akwati ba ya da ido."

Kawu bai taɓa zagina ba. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yanzu kowane yaro yana yawo da taken mazan jiya a aljihu, bai san na wa ba ne. Na ce wa ɗana ya kashe. Ni na yi wa kawu wanka ranar da ya rasu. Mutumin da ya yi ƙuruciyarsa duka yana wasa da wuƙa, tabo biyu kawai na samu a jikinsa, kuma duk nawa ne.