Ranar da Yaya Ta Ƙi Barin Bakin Taga

Duk dangi da Yaya suke kiranta, har waɗanda suka girme ta. Ita ce babba a ɗakinsu, kuma tun tana ƙarama kunnenta ya saba da "ke ce babba, ki yi haƙuri." Ta bar wa ƙannenta katifa, ta bar musu makaranta, ta kama aikin wanki da guga a wani asibiti. Ɗakin wankin a ƙarƙashin gini yake, daga tururi sai warin sabulu da rugugin injina. Nan ta yi furfura tana ninke zannuwan gado.

Da 'yarta mai aure a ƙasar waje ta haihu, ta aiko mata da tikitin jirgin sama, ta tambaye ta ko akwai abin da take so. Yaya ta ce a ba ta bakin taga kawai, an ce ana ganin teku daga sama. 'Yar ta bincika, ta zaɓa mata kujera a gaban fiffike, ɓangaren da rana ba ta dukan ido. Yaya ta yi ta maimaita lambar kujerar a bakin guga har abokan aiki suka fara tsokanarta da ita.

Ana gab da tafiya sai Auta, ƙanwarta, ta ce ita ma za ta je ganin jika. Matar ɗan kasuwa ce, jirgi ya zame mata tamkar motar haya. Da suka shiga, ita ta wuce gaba ta zube a bakin taga. Yaya ta nuna mata tikiti. Auta ta yi dariya ta ce ai kujera kujera ce, kanta ke sarawa, tana son abin jingina. Mutane na turowa ta baya, Yaya ta haɗiye maganarta ta zauna a tsakiya.

Da Auta ta kalli waje ko sau ɗaya, da an wuce wurin. Amma jirgi bai gama ɗagawa ba ta ja marufin taga, ta ɗaure idanunta da wani baƙin ƙyalle, ta kama minshari.

Yaya ta zauna tana kallon bayan kujera. Aka kawo abinci, ko buɗewa ba ta yi ba. Can ɗaya ɓangaren mutane sun manne da tagoginsu suna ɗaukar hoto. Da matuƙi ya yi magana, wani dattijo da ke gefenta ya fassara mata cewa an fara ƙetare teku. Ta miƙa hannu a hankali ta ɗaga marufin. Auta ta mayar da shi, ko motsa kai ba ta yi ba.

Yaya ta fizge ƙyallen daga fuskar Auta.

"Tashi."

"Haba Yaya, a gaban mutane? Kamar ba babba ba?"

"Girman ya ishe ni. Na ba ki katifata, na ba ki makarantata, na goye ki har bayana ya kage. Wannan kam ba ki samu ba. Tashi, ko in tashe ki."

Ma'aikaciyar jirgi ta zo ta duba tikitin biyu, ta roƙi Auta cikin ladabi ta koma wurinta. Dattijon ya miƙe aka yi musanya, Auta na ƙunƙuni wai an tsufa ba a bar ƙauyanci ba.

Yaya ta ɗaga marufin. Rabin tekun gajimare ya rufe shi, amma ta tsakani ta ga ruwa shuɗi har iyakar ido, da wani jirgin ruwa kamar ƙwayar shinkafa yana jan farin zare. Ta kafa goshi a gilashi, ba ta sake waiwayowa ba har aka sauka.

Auta ta kai wa 'yar Yaya ƙara, ta buga wa dangi waya ɗaya bayan ɗaya cewa Yaya ta canza hali. Ƙannen suka yi ta kira a kan ta ba Auta baki. Yaya ta ce ba ta da abin faɗa, ta ajiye wayar ta ci gaba da yi wa jikarta wanka. Auta ta sauya ranar komawarta, ta tafi ita kaɗai.