Layin da Yaya Barira Ta Adana a Kwalla

Yaya Barira ba ta taɓa ɓatar da ko allura ba. Ina so a fara riƙe wannan, saboda masu cewa sakacinta ne ya jawo mata. 'Yar wan babana ce, ta girme ni da shekara goma sha biyu, kuma aure ya sake haɗa mu a unguwa ɗaya a wani ƙauye arewa da Bagwai, danga ce kawai tsakaninmu. Ni an sa ni boko har na gama sakandare, yanzu ina yankan kati a asibitin sha-ka-tafi. Ita ko aji ba ta taɓa leƙawa ba. Amma fitilar ƙwan da aka kai ta ɗaki da ita har yau tana ci, irin geron da take shukawa kuwa daga hannun kakarmu ya fito. Haka aka koya mata: abu mai daraja a naɗe shi a tsumma, a sa a kwalla, a rufe.

Da mijinta Malam Iliyasu ya rasu, ya bar mata 'ya'ya mata uku duk a gidajensu, da ɗan fari Ja'afaru, da wata 'yar gona da gado ya yayyanka har ta koma kamar shimfiɗar tabarma. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa suka riƙe gidan. Ja'afaru ya yi damina biyu yana fama da gonar, ya ga ba za ta aurar da shi ba, sai ya bi ayarin masu haƙar zinare can bayan Agadas. Kafin ya tafi ya saya mata ƙaramar waya mai tocila, ya zauna a kan turmi ya haddace lambar kamar mai biya allo. Ita kaɗai ya tafi da ita a ka, ko tawa bai ɗauka ba.

Inda yake ba ya riƙe waya. Aro yake yi, yau ta wannan, gobe ta wancan, saboda haka mu ba mu da hanyar nemansa, sai dai shi ya neme mu. Yakan kira bayan wata uku ko huɗu. Ita kuma kunyar ɗan fari ba ta bar ta ta taɓa faɗin sunansa ba, Wancan take ce masa. In ya kira sai ta ce, "Lafiya? To madalla," ta miƙo min wayar ta saman danga, ta koma tana tankaɗen garin da ta riga ta tankaɗe, kunnenta yana wajenmu.

Shekarar da aka canja kuɗi, man fetur kuma ya tashi, batirin wayar ya kumbura har ya ɗaga murfin. Na kai wa Usaini mai gyaran waya ran kasuwa. Ya juya ta, ya yi dariya.

"Anti Safiyatu, wannan ai ta zama kayan tarihi. An daina kawo irin batirin nan tuntuni."

Wayar da ko shekara shida ba ta cika ba! Na ce to a ciro layin a sa a tawa. Ya ce nata babba ne irin na da, sai an rage shi da almakashi kafin ya shiga. Da na gaya mata sai ta fizge abinta.

"A yanka? Abin da Wancan ya saya da hannunsa? A'a. In kaka ta yi na sayi wata. Lamba ai kamar gida ce, in ya zo ya tarar a rufe ya san zai dawo."

Ta naɗe shi a tsumma ta sa a kwalla. Ni da sakandarena ina tsaye ina kallo ban hana ta ba, don ni ma haka na ɗauka.

Kaka ta zo ba ta yi kyau ba, babu taki. Wanda ke auna tsaba da gwangwani ba ya zancen waya. Sai bayan wata goma sha huɗu ta sayar da tunkiyarta ta sayi sabuwa, wannan karon har ta yarda aka yanka layin, ta kau da kai kamar ana yi wa jariri kaciya. Aka sa. Babu sabis. Usaini ya goge shi da riga, ya hura, ya sake sawa. Babu.

Muka shiga mota zuwa Kano, ofishin kamfanin. Tun hantsi muke layi sai bayan azahar muka isa gaban wata yarinya a bayan gilashi. Ta danna, ta danna, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Hajiya, an mayar da layin nan kasuwa. In ya daɗe ba a amfani da shi sistem ne yake cirewa."

Na ce, "Wa ya gaya mata haka lokacin da aka sayar mata?"

"An tura mata saƙo."

"Saƙon a ina zai same ta? A cikin kwalla? Da wane yare ma kuka rubuta?"

Ta ce in yi haƙuri akwai mutane a bayana. Wai sistem. Kowa ka tambaya sistem, kamar wani hakimi ne da ba a ganinsa.

A bakin titi na buga lambar a wayata, sai ga ta tana shiga. Namiji ya ɗauka. Sunansa Uwaisu, ɗalibin jami'a ne, yana zaune a Rijiyar Zaki. Ya kwatanta mana wani shagon caji, muka hau adaidaita.

Mun same shi a kan benci da abokansa, kowa ya kwantar da waya a tafin hannu suna gem, wasan harbin nan na waya, manyan yatsu na rawa, ƙarar bindiga na tashi. Muka yi sallama.

"Mama minti biyu don Allah, in na tsaya kashe ni za a yi."

Muka tsaya a rana har aka kashe shi. Sannan ya miƙe ya ba mu bencin, ya sayo mana ruwa, ya durƙusa ya gaishe ta. Ba mugun mutum ba ne, abin da ya fi ci min rai ke nan, ban samu wanda zan zaga ba. Na yi masa bayani. Ya sosa ƙeya.

"Lallai akwai wata lambar waje da ta kira sau biyu, wani yana neman Inna. Na farko na ce masa ba nan ba ne. Na biyu ina tsakiyar gem, kiran ya yanke min netwok, raina ya ɓaci. Na ce Malam layin nan sayensa na yi, mai shi ba ta."

"Ba ta me?"

"Ba ta kan layin nake nufi, wallahi."

"Shi kuma ya ce me?"

"Sai na ji ya ce innalillahi, ya kashe."

Wata biyar ke nan da yin haka, bai sake kira ba. Yaya Barira tana ta murza bakin mayafinta. Can ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Ɗan nan, muryar tasa, ka ji ta da ƙarfi?"

Ya ce da ƙarfi, Mama. Ban sani ba ko ya tuna ne ko tausayi ne.

Na roƙe shi ya bar mana layin. Ya ce bankinsa na kai, rajistar makaranta na kai, har gem ɗin da ya yi wata da watanni yana hawa mataki. Amma ya rubuta lambar sabon layin da muka saya mata ranar, ya yi alkawarin in mutumin ya sake kira zai ba shi, ko da a tsakiyar wasa ne.

Kowace Juma'a nakan buga masa. "Mama ba a kira ba." Haka har wata bakwai. Muka aika sallahu ta bakin direbobin Agadas da duk wanda aka ce zai nufi can, amma ramukan zinare ba gari ba ne, yau ana nan gobe an tashi. Mutumin da ya yi wa uwarsa addu'ar mamaci, me zai dawo yi wa gonar da ba ta cika buhu uku?

Sannan wata Juma'a na ji a kashe. Ta gaba ma haka. Na koma Rijiyar Zaki ni kaɗai, mai shagon ya ce Uwaisu ya gama karatu ya tafi bautar ƙasa kudu, layin kuma ya yar da shi tun kafin ya tafi, wani kamfani ya fito da data mai arha duk sun koma can. Abin da na yi masa magiya a kai, a kwata ya ƙare.

Jiya da la'asar ta leƙo ta danga, hannunta duk tunkuza, ta ce in gwada. Na buga, na sa a sifika. Wata mace ta yi magana da Turanci, ta sake maimaitawa.

"Me ta ce, Safiyatu?"

Ban iya ƙarya ba. Na ce ta ce babu wannan lambar.

Ta ce, "To. Ki sake gwadawa ran kasuwa." Ta koma wajen kaskonta, man yana ƙonewa.