Shafin da Muka Buɗe wa Masu Sana'ar Hannu

Har yau ban manta da ranar da Madam Rifkatu ta jawo mini kujera kusa da kwamfutarta, ta ce in zauna in ga wani abu ba. Lokacin ina matakin albashi na takwas a sashen hulɗa da jama'a na wata hukumar gwamnatin tarayya a nan Abuja. Ku da kuka kama aiki kwanan nan ba ku ga zamanin ba. Farar hula sun dawo mulki, kuɗin mai na shigowa, ko'ina ka duba bene ne ke tashi, kuma kowace ma'aikata tana so a ce ita ma ta shiga zamanin kwamfuta.

Aikin hukumarmu shi ne yi wa masu sana'ar hannu jarrabawa, wato makanikai da magina da masu walda da masu haɗa wutar lantarki, sannan a ba su takardar shaida. Da wannan takarda kamfani ke ɗaukar mutum aiki na dindindin. In babu ita, sai dai ya ƙare a aikin wucin gadi, ko da ya fi injiniya iya aiki. Sau ɗaya ake jarrabawar a shekara. Ranarta kuwa, da jerin takardun da za a zo da su, a allon sanarwa na bakin ƙofa kaɗai ake liƙa su. Mutum zai taso tun daga Yola, ya sauka a Zuba, ya kamo motar cikin gari, ya iso teburina, in ce masa bai zo da wasiƙar maigidan da ya koya masa sana'a ba, sai ya koma. Ni ne mai faɗar wannan magana kullum, har na fara jin nauyin ɗaga kai in dubi mutane.

Madam Rifkatu ita ce mai buga takardun sashenmu. 'Yar Filato ce, a Kubwa take zaune, kullum da sassafe take biyo bas. Abin da ta nuna mini ranar shafin intanet ne da ta buɗe wa ƙungiyar matan cocinsu.

Ta ce, "Malam Nasiru, wannan abu ba wahala fa. Ko sisi ban biya ba. Ka rubuta takardun da mutanen nan za su kawo, mu sa shi a nan. Su huta, kai ma ka huta."

Ita ta koya mini komai. Akwai kamfanonin da ke ba ka wurin ajiye shafi kyauta, sai dai adireshin zai yi tsawo, da sunansu maƙale a jiki. In kana son gajeren suna naka na kanka, sai ka saya, ka riƙa sabunta shi duk shekara, kuma kuɗin bai taka kara ya karya ba. Fasalin shafin an riga an zana, naka zaɓe ne kawai, sai ka yi rubutu kamar mai buga wasiƙa. Ta hana ni sa hotuna, domin mutanenmu a ƙaramar waya za su buɗe shi, ko a shagon intanet mai jan ƙafa. Ta kuma ce in riƙe kalmar sirri da kyau, don ita ce makullin shafin, wanda ke riƙe da ita shi kaɗai ke iya gyara abin da ke ciki.

Kwana uku muka yi muna haɗa shi a lokacin hutun cin abinci. Muka sa ranar jarrabawa, da wurin da za a yi ta, da takardun da ake buƙata, da Hausa da Turanci. Na rubuta memo, wato takardar cikin ofis, ina neman izini, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Memo takan shiga fayil, fayil ya bi ta hannun shugaban sashe, ya je wa mataimakin darakta, sannan darakta. Bayan wata guda fayil ya sauko da kalma biyu a gefe: an gani. Na ɗauka an yarda ke nan.

Shekara biyu shafin yana aiki. Masu komawa gida hannu rabbana suka ragu ƙwarai. A cikin waɗanda na sani sosai akwai Danladi, mai haɗa wutar lantarki daga Takum, magidanci mai kimanin shekara arba'in. Ya taɓa zuwa aka mai da shi saboda rashin wasiƙa guda. Da hannuna na rubuta masa adireshin shafin a bayan fom, na ce kada ya ƙara wahalar da kansa da tambayar kowa, ya duba nan kawai.

Sai aka kawo mana sabon darakta, aka ba wani kamfani kwangilar yi wa hukuma babban shafi. Wata safiya masinja ya ce oga yana kirana.

"Kai ne Nasiru? Wa ya ba ka izinin buɗe wa gwamnati shafi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na rubuto memo, tana cikin fayil."

"Na karanta. An gani aka ce. Ina ka ga an amince?"

Aka ba ni takardar tuhuma, wadda muke kira kwiri, aka ce in amsa kafin a tashi daga aiki washegari. Aka kuma umarce ni in miƙa kalmar sirri ga masu kwangila, wai za su kwashe bayanan su mayar sabon shafi. Na roƙi a bar ni in rufe tsohon tukuna, ko in rubuta a kansa cewa an daina amfani da shi.

Darakta ya ce, "Kada ka sake taɓa shi. Masu kwangila sun san aikinsu."

Ni aka mai da ni ɗakin ajiyar fayil, Madam Rifkatu kuma aka tura ta wani ƙaramin ofishinmu da ke Durumi. Masu kwangila suka canza kalmar sirri, suka manta da shafin. Sabon shafi kuwa, a otal aka yi bikin buɗe shi. In ka shiga, hoton darakta ne zai fara saukowa a hankali, in ka haƙura ka danna wurin jarrabawa, sai ka ga an rubuta ana kan aiki.

A shekarar ne aka jawo jarrabawa baya da mako biyu, saboda za a yi wani taro a zauren da ake yin ta. Aka liƙa sanarwa a allo. Tsohon shafina kuwa yana nan da ranar farko, wadda ni na rubuta kafin a karɓe makullin. Ina ganin haka na rubuta memo, ba ta dawo ba. Na je ofishin masu kwangila har sau uku, kullum sai a ce oga ya yi tafiya. Na kira Madam Rifkatu, ta gwada duk dabarar da ta sani, daga ƙarshe ta ce, "Malam, sun canza har imel ɗin da ake dawo da kalmar sirri ta cikinsa. Babu hanya kuma." Na bi lambobin wayar da ke jikin fom ina kira da katin wayata. Na sami wasu. Lambar Danladi ba ta shiga ba.

Ranar da shafin ya nuna, tun da safe bakin ƙofarmu ya cika da mutane, kowa da jakar kayan aikinsa. Mai gadi ne ya zo ya kira ni, don sunana suke ambata. Danladi yana gaba, da ƙurar hanya a jikinsa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

Ya ce, "Oga Nasiru, ai kai ka rubuta mini adireshin. Jiya ma sai da na duba kafin in hau mota."

Na ce masa an yi jarrabawa tun mako biyu da suka wuce. Ya ce kamfanin da yake yi wa aiki sun gaya masa bana ce damarsa ta ƙarshe, in bai kawo takarda ba za su ɗauki wani.

Na hau sama neman a yi musu wata rana. Darakta ba ya ƙasar. Mataimakinsa ya saurare ni a tsaye, ya ce hukuma shafi ɗaya gare ta, wanda ya je ya karanta wani abu a wani wuri, ruwansa. Na sauko na gaya musu. Danladi ya rataya jakarsa, ya ce, "Na gode, oga. Allah ya sa haka ne mafi alheri." Ya nufi titi neman motar Zuba. Da shekara ta zagayo na duba jerin sunaye, babu nasa. Ban ƙara ganinsa ba. Babban shafin ma bai daɗe ba ya ɓace, don an rasa wanda zai tuna ya sabunta sunan.

Yanzu in ɗayanku ya zo ya ce in koya masa buɗe shafi da araha, ina koya masa, da rana ɗaya ma ya iya. Amma ba na barinsa ya tashi sai ya gaya mini wa zai riƙe makullin, wa kuma zai riƙa gyara rubutun ranar da aka ɗauke shi daga kujerar. In bai da amsa, nakan ce ya haƙura. A wannan aiki namu kujera ba ta kowa ba ce, kuma kowa takardar da za ta kare shi yake nema, ba mutumin da ke tsaye a bakin ƙofa ba. Shi kuwa talaka, in ka faɗa masa gaskiya sau biyu, ya saki jiki da kai ke nan. Da ban buɗe shafin nan ba, da Danladi ya aiki wani ya duba masa allo, kamar yadda kowa ke yi a da. Ni na ce masa ya daina tambaya, shi kuma ya daina.