Sunan da Ke Saman Layi

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibiti a Daura aka ce masa ya je ya nemo jini, da wuya a ce bai ji sunan Zaituna ba. Ba likita ba ce, ba nas ba ce, allura ma in ta gani kawar da kai take yi. 'Yar gidan dukawa ce a cikin gari, ta tashi tana miƙa wa babanta basilla yana ɗinkin takalma. Ta yi difloma, ta zauna shekara uku tana jiran aikin gwamnati, aikin bai san ma tana yi ba. Da zaman ya ishe ta sai ta shiga wani shagon kwamfuta kusa da tasha don ta koyi buga takardu. A nan ta ci karo da Excel, manhajar jera bayanai da lissafi, ta riƙe shi kamar ta tsinci dami a kala, har 'yan gidansu suka sa mata suna amaryar kwamfuta.

A lokacin akwai wata ƙungiya ta masu ba da jini don Allah, wadda Malam Dabo, wani tsohon hedimasta, yake shugabanta. Sunayen 'yan ƙungiyar suna cikin wani ƙaton littafi da ɓera ya riga kowa karantawa. In asibiti suka kira, sai Malam Dabo ya ɗora tabarau a kan hanci yana lasar yatsa yana buɗe shafi, mara lafiya kuwa yana can yana jira. Shi ya roƙi Zaituna ta zo ta zuba musu sunayen a kwamfuta.

Ranar da za ta fara, wani ɗan acaɓa mai suna Kabo ne ya ɗauko mata kwamfutar a babur zuwa ofishin ƙungiya. Mutum ne dogo, baƙi, mai wushirya, mai 'ya'ya huɗu, kuma ya daɗe a cikin ƙungiyar. Ya ajiye kayan, ya tsaya a bakin ƙofa yana leƙe.

"Malama, tunda ga ni, ai sai ki fara da ni."

Ta yi dariya ta fara da shi. Sunansa, lambar wayarsa, unguwarsu, rukunin jininsa. Jinin nasa irin mai wuyar samun nan ne, O negetif. Bayan shi ta zuba mutum ɗari huɗu da sha ɗaya.

Fomula biyu ta haɗa, su ne suka ɗaga sunanta. Ta farko ta nema ce: ka rubuta rukunin jini a wani akwati a sama, kafin ka ɗaga yatsa suna da lamba sun fito. Ta biyun ta ƙirga ce, ita ke faɗin mutum nawa ne a kowane rukuni. Malam Dabo ya fi ƙaunar ta biyun. A duk taro sai ya gyara hula ya ce, "Jinin da ake nema har Kano a rasa, mu muna da mutum goma sha huɗu." A tafa masa, Zaituna ta sunkuyar da kai tana jin daɗi a ranta.

Sai dai fomular nema tana da halinta. Daga sama take farawa, wanda ta fara gani shi ke nan, ba ta ƙara taku ɗaya. Zaituna ta san haka sarai, tun a shago an koya mata. To amma me zai sa ta wahalar da kanta? Duk sanda aka nemi wannan jinin, sau uku ko huɗu a shekara, Kabo ne ke fitowa, shi kuwa Kabo bai iya cewa a'a ba. Ko fasinja ya ɗauko, sai ya ba shi haƙuri ya sauke shi.

"Ga ni nan tafe, Malama."

A ɗibi leda guda, ya sha lemo, ya zauna minti goma, ya hau babur ɗinsa. In ta ce ya huta sai ya ce jini rijiya ne, ɗiba ke ƙara shi. Shekara shida ana haka. Matan da suka haihu suka tashi da jininsa a jikinsu, da yawansu ko fuskarsa ba su sani ba.

Sau ɗaya Malam Dabo ya taɓa tambayar ta, "Zaituna, sauran sha ukun fa, kina jin ɗuriyarsu?"

"Suna nan, Baba. Ga su nan a kwamfuta."

Ta yi niyyar wata rana ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Niyyar ta yi ta kwana tana tashi, a tsakani ta yi aure, ta haihu, ta yaye.

Wata Lahadi, ranar kasuwar Mai'adua, bayan azahar, wata nas mai suna Hadijatu ta kira ta daga asibiti. Motar shanu ta buge wani mai babur a hanya, yana zubar da jini ta ciki. Ledar jinin da suke da ita guda ɗaya ce, sun saka masa, ana neman uku cikin gaggawa. O negetif.

Zaituna ta rubuta a akwatin, sunan da ta saba gani ya fito, ta danna kira hankalinta kwance. Wayar ta yi ta ringi. Da aka ɗauka, muryar Hadijatu ta sake ji.

"Zaituna? Ai mai wayar ne a kwance."

Ta ce innalillahi, ta sake cewa. Ta gangara ƙasan layin sunayen, inda rabonta da dubawa tun ranar da ta rubuta. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, ga ta zaune da wuƙa a hannu.

Na biyu, layinsa a kashe. Na uku, a kashe. Na huɗu wani baƙo ne ya ɗauka, ya ce shekara biyu ke nan da ya sayi layin. Na biyar matar mai layin ce ta ɗauka, ta ce, "Allah ya yi masa rasuwa tun bara waccan, ba ku ji ba?" Wata tana da cikin wata takwas. Wani yana Agadas yana aikin gini. Wani ya ce shi fa bai tuna ya taɓa shiga wata ƙungiya ba, a daina damun sa. Zaituna tana kira tana kuka, hawaye na ɗiga kan madannai, fomular ƙirga kuma tana gefe tana nuna mata sha huɗunta cif.

Sai a na sha biyu ta samu wani Yahya, malamin firamare a Baure. Bai tambayi ko wane ne ba, ya ce yanzu zai taso. Ya iso asibiti bayan la'asar, tun daga bakin ƙofa yana naɗe hannun riga. Ya tarar an riga an rufe Kabo da zane.

Malam Dabo ya ce mata kwana ne ya ƙare, kada ta ɗora wa kanta abin da Allah ya hukunta. Ta san da haka, ta yi imani da haka. Amma ta san kuma da ta kira mutanen nan ko sau ɗaya a shekara, da sunan Yahya ta fara dannawa, da ya iso ana kiran la'asar. Wannan lissafin babu wanda ya iya cire mata shi daga zuciya.

Ta rushe aikin ta sake gini. Ta ƙara gurbin ranar da aka yi magana da mutum ta ƙarshe, ta sa fomular ƙirga ta daina lissafa duk wanda ya wuce wata uku ba a ji muryarsa ba, ta sa ta nema ta riƙa jero kowa da kowa. Sha huɗu ta koma uku. Ɗari huɗu da ɗoriya ta koma ɗari da sittin. Ita da bakinta ta karanta wa taro, ranar babu wanda ya tafa.

Ta je gaisuwa ranar farko cikin ayarin mata, ta laɓe a bayan mutane. Sai da aka yi wata guda Barakatu, matar Kabo, ta aiko a kira ta. Ta same ta a ɗaki kan tabarma, cikin takaba, ta rame har wuyanta ya fito. Suka gaisa, Barakatu ta yi mata godiya kan wahalar da ta ji an ce ta sha ranar. Kowace kalma ta godiyar nan sai da ta soki Zaituna.

"Tambaya ce da ni, Malama," in ji Barakatu. "Duk ranar da kika kira Baban Hasana, haka zai dawo yana washe baki. Ya ce mutum ɗari huɗu ne a ciki, har da masu digiri, amma kwamfuta ta tsallake kowa ta zaɓo shi. Ya ce ashe shi ma wani abu ne a garin nan. Ni kuma in ce masa cika baki ne." Ta share ido da bakin mayafi. "Har ya tafi ban yarda da shi ba. Don Allah, da gaske ne?"

Gaskiyar tana kan harshen Zaituna, gajeriya ce ma: shi ya kawo kwamfuta, yana tsaye a ƙofa, aka fara da shi. Ta dubi matar, ta haɗiye.

"Gaskiya ya faɗa miki, Yaya. Shi take zaɓa."

Barakatu ta yi murmushi, hawaye na bin kumatunta. Ta juya wajen ƙofa ta ɗaga murya.

"Hasana! Kira ƙannenki ku zo. Ku zo ku ji da kunnenku."

Yaran suka shigo su huɗu, suka durƙusa a gaban Zaituna, suka zuba mata ido suna jira ta maimaita.