Makulli Biyu, Shago Ɗaya

Mahaifinmu mai yankan makulli ne, kuma a iya sanina bai taɓa yarda da kowa ba. Shagonsa ɗan lungu ne a ƙarƙashin matattakalar wani bene, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. In ka miƙe hannuwanka za ka taɓa bango da bango. Akwai injin yanka da ya girme ni, da allon ƙusoshi inda yake rataye makullan da ba a fitar musu da haƙora ba tukuna, da wani gwangwani cike da garin ƙarfe wanda har yau ban san amfaninsa ba. Tun da Umma ta rasu, a nan yake cin abinci, a nan yake gyangyaɗinsa. Gida wurin kwana ne kawai.

Ya ce sana'ar ce ta mayar da shi haka. Ya ga ɗa ya kawo makullin ɗakin ubansa, ya ga yaron shago ya kawo zanen na maigidansa a jikin sabulu. Don haka duk wanda ya miƙo makulli sai ya tambaye shi ƙofar wa ce, kuma ba fuskarka zai kalla ba, hannunka zai tsura wa ido. Waɗanda ya kora sun kusa fin waɗanda ya yi wa aiki yawa. Makullin shagonsa kuwa ɗaya ne tak a duniya, yana ɗaure da igiya a ƙugunsa, ko wanka zai shiga da shi yake shiga.

Ni ce auta, aure ya kawo ni ƙasar waje. Shekara da shekaru ina roƙon Baba ya zo ya ga jikarsa, yana cewa wa zai bar wa shago. Sai bana Yayanmu, wanda ke zaune tare da shi, ya buga mini waya ya ce ya shawo kansa, suna nan tafe tare. Murna ta hana ni tambayar yadda aka yi.

Ranar da suka sauka, Baba bai zauna ba sai da ya jijjiga kowace ƙofa ta gidana, ya ce wanda ya sa mana waɗannan makullan ba ya ƙaunarmu. 'Yata ya kira ta amaryarsa, ya ce ta cika tsada, wani lokacin kuma ya kira ta Auta, mu yi ta dariya. Da ƙarshen mako ya zo, maigidana ya ce a kai baƙi babban filin wasannin nan da ke bayan gari, mai lilo iri-iri da gidajen tatsuniya. Baba ya tambaya me aka ɓoye a ciki da har sai an zagaye shi da katanga.

Jama'a ba masaka tsinke. A bakin ƙofa kowa sai ya zazzage aljihunsa cikin tire kafin ya wuce ta na'ura. Kwance igiyar Baba kaɗai ya tsayar da layi, mai gadin yana murmushi, Baba yana harararsa. Da muka tsallaka, na ga Baba ya riga Yaya kai hannu kan tiren shi Yayan. Ya ɗan taɓa tarin makullan da ke ciki, ya mayar. Amma na san wannan kallon nasa tun ina yarinya.

A layin wani jirgi mai hawa sama yana juyewa da mutane ya jawo ni gefe.

"Auta, yayanki yana da makullin shagona."

Na ce ko dai kama ce. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce haƙoran makullin nan ya fi sanin su fiye da na bakinsa, kuma sabo ne fil, ko dushewa bai yi ba. Ya ce yanzu ya gane dalilin wannan tafiya: an ɗauko shi an kawo nan ana yi masa wasa kamar yaro, can kuma ana kwashe masa shago.

Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Sai na fara tuna abubuwa. Yaya ne ya matsa a yi tafiyar. Yaya ne ya ce kada a tsayar da ranar komawa tukuna. Tun da suka zo, in wayarsa ta yi ƙara sai ya fita baranda ya ja ƙofa. Kuma na san mai fentin nan ya daɗe yana haɗiyar yawu kan lungun Baba, yana son ya fasa bango ya faɗaɗa nasa.

Haka muka wuni, mutane suna ihu a sama, mu muna gadin Yaya a ƙasa. In ya tsaya sayen ruwa, Baba yana bayansa. In ya ɗauko waya, Baba ya matso da kunne, ni ma na matso, ba kunya. Wurin kansa kuma sai ƙara wa Baba zargi yake yi. Ya ƙwanƙwasa wani dutse ya ji rami ne a ciki. Ya murɗa hannun ƙofar wani gidan sarauta, ashe zane ne a bango, har ramin makullin fenti ne. Wani da ya sa rigar katon zomo ya zo zai rungumi 'yata, Baba ya shiga tsakani, ya ce mutumin kirki ba ya ɓoye fuska da hannu a lokaci guda. Yaya yana ta ƙoƙarin sa shi dariya, yana saya masa hula, yana riƙe masa gwiwar hannu a cunkoso. Ni kuwa duk kirkin da ya yi sai ya ƙara ba ni haushi. Na riga na yanke masa hukunci.

Da la'asar Baba ya nuna babban lilon nan mai kama da tayar keke, wanda ake zama cikin 'yan ɗakunan gilashi, ya ce shi zai hau. Mutumin da ya ƙi hawa komai tun safe. Ya ce ni da Yaya kaɗai za mu raka shi, maigidana ya tsaya da yarinya. Na gane nufinsa: wuri yake so inda ba baranda.

Aka rufe mu ta waje, ɗakin ya fara tashi a hankali. Baba bai ko leƙa ƙasa ba. Ya buɗe tafin hannunsa ya ce Yaya ya ba shi. Yaya bai tambayi me ba. Ya ciro makullin daga zoben makullansa, ni kuma na ce a raina to ga shaida.

Baba ya ce ba faɗa zai yi ba, so yake kawai ya san wane maras mutunci ne a garin ya yanka makullin abokin sana'arsa ba tare da tambaya ba. Ya bi haƙoran da babban yatsa, ya yarda cewa aikin ya yi kyau. Sai ya juya bayan makullin. A wuyan makullin akwai wasu 'yan zane na magagari a karkace, irin alamar da mai yanka ke sa wa aikinsa don ya gane shi in an dawo da ƙorafi. Ya daɗe yana kallonsu. Ya ɗago nasa na ƙugu ya jera su. Alamar iri ɗaya ce.

Yaya ya yi magana a hankali, idonsa a ƙasa. Ya ce Baba ne da kansa ya yanka ya ba shi, washegarin ranar da mai gyaran waya ya tarar da shago a buɗe da sassafe, injin yana ta gudu ba kowa. Ya ce an taɓa tsinto Baba a wata unguwa yana neman hanyar gidan da muka tashi daga ciki tun ina firamare. Wayoyin baranda da wani likitan da zai duba Baba a nan ake yin su, shi ya sa ba a sa ranar komawa ba. Shago yana nan a kulle, ba wanda ya taɓa ko ƙusa.

Kunya ta rufe ni, tsoro ya biyo bayanta. Na tuna yadda yake kiran 'yata Auta muna dariya.

Mun kai ƙololuwa, duk filin ya shimfiɗu a ƙarƙashinmu, ba wanda ya duba. Baba ya tambayi Yaya, da wata murya da ban san shi da ita ba, ko ya taɓa yi masa wannan tambayar.

Yaya ya ce, "Ka yi, Baba. A gida, da kuma cikin jirgin da ya kawo mu."

Baba ya gyaɗa kai. Ya goge makullin da bakin rigarsa kamar yadda yake yi kafin ya miƙa wa mai shi, ya sa wa Yaya a hannu, ya naɗe masa yatsu a kai. Ɗakin ya fara gangarowa, ina hango 'yata a kafaɗar babanta tana ɗaga mana hannu.

"In na sake tambaya gobe," in ji shi, "kada ku ce ni na yanka. Ku ce wani ne. Ku bar ni in yi ta nemansa."

Aka buɗe mana ƙofa. Ya tsaya a bakinta yana duban cunkoson, bai sauka ba sai da Yaya ya miƙo masa hannu.